Famfon Da Aka Bari A Buɗe

Sabon Gari, Zariya
Yuni, 2000

Yaya Luka,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fatan kana lafiya, kuma wutar walda ba ta gama cinye maka ido ba a Fatakwal ɗin nan taku. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, da kansa yake zuwa sujada. Ni kuma ina nan ina fama da ɗaliban Samaru a rumfata, masu cin shinkafa da wake kamar gobe ba za a dafa ba.

Amma ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Bangon ɗakin Baba yana shan ruwa, kuma ina tsoron ya faɗo masa.

Ka san lokacin tashin hankalin Kaduna, Baba Chuks na jikin gidanmu ya kwashi iyalinsa suka tafi Kudu, duk da a layinmu ko kaza ba a taɓa ba. Ya ce wa Baba 'yan kwanaki zai yi. Ya garƙame ƙofar ƙarfe, ya zuba makullai a aljihu, har yau shiru. To ka san yadda muke yi a unguwar nan: ruwa ba ya sallama, don haka kowace mace sai ta bar famfo a buɗe ta tara masa roba, in ta ji ya fara tari ta rugo. Mama Nedu, matar Baba Chuks, ta bar na kicin ɗinta a buɗe ta tafi. Kicin ɗin kuwa shi ne ya jingina da ɗakin Baba.

Duk ranar da aka kawo ruwa, ta bango kake jin zubarsa a can, tun safe har ya gaji don kansa. Kicin a rufe, ba hanyar fita, sai ya taru ya kwanta a gindin bango. Gidan nan kuma ka sani, ginin ƙasa ne aka shafa masa siminti don rufin asiri. Yanzu danshi ya hau ya kai ƙuguna a ɗakin Baba, fenti yana kumbura, tabarma ta yi fumfuna. Ga damina ta sauka, ana jiƙa shi ta sama ana jiƙa shi ta ƙasa.

Na je wurin babban bawul na bakin titi in rufe mu huta gaba ɗaya, in ya so in riƙa saye wurin 'yan ga-ruwa. Ashe tsatsa ta cinye cikinsa, juyawa kawai yake a banza. Na ce wa Baba to a yanke reshen bututun da ya ratsa tsakar gidanmu ya shiga nasu, a toshe. Ya yi mini wani kallo, sai ka ce na zagi Mama a kabarinta. Na ce a fasa kwaɗo a shiga a rufe famfon a fito. Ya ce gidan da ke cike da kayan shagon Baba Chuks, bututu da gwiwoyin haɗa bututu da kawunan famfo har rufi, a wannan lokaci da ake fasa gidajen waɗanda suka gudu, shi Sati ba za a ga guduma a hannun jininsa a ƙofar Chuks ba. Wannan kam na ba shi gaskiya. Na ce to ya koma ɗakinka tunda ba kowa a ciki. Ya ce shi ya san bangonsa.

Abin da ya fi ba ni haushi, da ruwan ya zo sai ka ga fuskarsa ta saki. Ya kara kunne a bango ya ce, “Gidan Chuks sun tashi.” Su wa suka tashi, Yaya? Ɓeraye?

Kai ne kake kusa da su. Ka nemo mana Baba Chuks ya aiko da makulli, ko kuma ka rubuto ka yi wa Baba magana, ya fi jin taka tunda kai ba kullum yake ganinka ba. Ni dai abin ya kai mini iya wuya.

Ƙanwarka,
Liya


Fatakwal
Yuli, 2000

Liya,

Na amsa gaisuwarki, kuma na gode wa Allah da jin ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ni lafiya ƙalau, in ban da ruwan sama da ba ya ɗaukewa a garin nan. Takardarki ta daɗe a ɗakin masu gadi kafin ta iso hannuna, shi ya sa kika ji ni shiru.

Wai ina kusa da su. Ke a wurinki duk abin da ya wuce Lakwaja gari ɗaya ne. Daga nan zuwa Anacha tafiya ce sosai, kuma ban ma san ko a Anacha suke ko ƙauyensu ba. Sannan hanya ba ta yi wa irina daɗi yanzu. A tasha ba a tambayarka ko sunanka Luka kafin a dubi tsagar fuskarka. Ko a nan na rage yin Hausa a cikin bas.

Ke ba ki yi wayo ba lokacin da aka ja layin ruwan nan, ni ina tunawa. Baba ne ya yi aikin, Baba Chuks ya kawo kaya daga shagonsa. Da aka zo mahaɗar nan mai baki uku inda ruwa ke rabuwa gida biyu, Baba Chuks ya fito da bawul ya ce a sa a reshen gidansa, haka ƙa'idar aiki take. Baba ya ce a'a. Ya ce ya yi aiki a gidajen hayar Sabon Gari ba iyaka, kuma duk faɗan makwabta a kan bawul yake ƙarewa. Mata su yi cacar baki da safe, kafin rana ta take ɗaya ta murɗe wa ɗaya ruwa, daga nan sai maza su shiga. Ya ce abin da babu shi ba a murɗe shi. Baba Chuks ya yi dariya ya mai da bawul ɗinsa aljihu. Kin kuma gani da idonki, Mama da Mama Nedu sun yi faɗa ba adadi, a kan kaji, a kan igiyar shanya, amma ba a taɓa wayar gari wani ya hana wani ruwa ba. Abin da kike kira taurin kai, a wurin Baba alkawari ne.

Amma rai ya fi komai. Ki yi abin da ya kamata tun da wuri, kada ki jira ni. In ya yi gardama ki ce ni na ce.

Ki gai da Baba da mutanen coci. Zan tambaya ko akwai wanda ya san inda Nedu, ɗan Baba Chuks, yake.

Yayanki,
Luka


Sabon Gari, Zariya
Agusta, 2000

Yaya Luka,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita, ta zuciya ce babu. Na yi abin da ka ce, ga shi na jawo wa kaina.

Na bari sai ranar da Baba ke zuwa taron zumuntar maza, na kira Adewale, wanda ya koyi gyaran famfo a hannun Baba, yanzu yana da shagonsa a Dogarawa. Da farko ya ƙi, sai da na ce masa kai ka rubuto. Ya zo da zarto da 'yar toshiyar ƙarfe da za a ɗaura a bakin bututun in an yanke. Har ya tone ƙasar gindin bango, ya ɗora zarto. Sai hadari ya taso aka tashi taro da wuri, muka ji sandar Baba a zaure.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya jawo kujerarsa 'yar tsugunno ya dasa ta a kan bututun ya zauna. Ya ce wa Adewale, “Wa ya koya maka riƙe zarton nan?” Adewale ya zube ƙasa kamar yadda suke yi, ya ce, “Kai ne, Baba.” Baba ya miƙa hannu ya karɓi toshiyar, ya juya ta ya ce, “Wannan wane irin layi ake sa wa?” Adewale ya ce, “Layin da ya mutu, Baba.” Sai Baba ya ce, “To wa ya mutu?” Bawan Allah ya tattara kayansa, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Daga nan ya juyo kaina ya ce wa ya ba ni izini. Na ce Yaya Luka. Ya ce, “Luka da aka ja layin nan a gabansa?”

Tun ranar ya daina cin abincina. In na ajiye masa kafin in tafi Samaru, haka zan dawo in tarar da kwanon a rufe, ya sayi ƙosai ya ci. Ya daina zuwa sujada, ya daina zuwa zumunta, wai kada a yanke a bayan idonsa. Wuni yake a kan kujerar nan yana gadin bututu, in ruwan sama ya sauko ya riƙe lema. Fasto ya zo ya yi magana, Baba ya saurare shi da ladabi, ya raka shi iya inda zai iya hango bututun ya dawo.

Ni kuwa jikina ne kawai yake zuwa Samaru. Ina cikin bas muna wuce Kwangila zuciyata tana gida. Jiya na ƙona wake tukunya guda, har wata ɗaliba tana tambayata ko an yi mini rasuwa ne. Da na ga hadari ta wajen gari sai in ji kamar in bar rumfar a buɗe in hau acaɓa.

Bangon ya tsage, Yaya. Daga saitin taga har ƙasa, ɗan yatsana yana shiga. Kuma kan gadonsa a jikin wurin yake. Ka ce in yi abin da ya kamata na yi, yanzu ba bututun da aka yanke, ba uban da ke yi mini magana. Sai ka faɗa mini abin da ya rage.

Ƙanwarka,
Liya


Fatakwal
Agusta, 2000

Liya,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ni ƙalau nake, amma tunda na karanta takardarki ban iya riƙe ƙarfe daidai ba.

Haba Liya. Na zauna na cika miki takarda da labarin yadda aka ja layin nan da abin da yake nufi a wurin Baba, sai ki tsallake duka ki ɗauki layin ƙarshe ki kira mai zarto? Abin da ya kamata shi ne ki fitar da shi daga ɗakin. Ki kwashe gadonsa da akwatinsa ki kai ɗakina ranar da ba ya nan, in ya dawo ya yi faɗansa ya gama. Wannan ne na ce ki ce ni na ce. Yanzu kin sa tsoho yana ganin ɗansa ya ci amanarsa daga nesa, ni kuma ba ni da bakin da zan kare kaina sai ta hannunki. Tun kina ƙarama haka kike, ba a gama aikenki kin kai ƙofa.

To, aikin gama ya gama. Ki karanta wa Baba wannan kamar yadda na rubuta: Baba, ban ce a yanke ba, kuma ba zan ce ba. Ka yi haƙuri ka ci abinci. Ka koma ɗakina don Allah har damina ta wuce.

Akwai wani mutum a cocinmu da ke sayo kayan gini a Anacha. Ya ce ya san wani Nedu da ya dawo daga Zariya yana sayar da kayan famfo, amma masu suna Nedu a kasuwar nan sun fi a ƙirga. Duk da haka zan je. Na nemi hutu wurin oga, in ya ba ni ƙarshen watan nan zan kama hanya. Ki sa ni a addu'a, don gaskiya ina tsoron tafiyar.

Yayanki,
Luka


Sabon Gari, Zariya
Satumba, 2000

Yaya Luka,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan ita ce ta biyu da na rubuta tun bayan taka, ban san ko ta farkon ta iso ba. Ka ce ƙarshen wata za ka tafi, ga wani watan ya raba tsakiya, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Da na yi niyyar in rama faɗan da ka yi mini. In kana so a fitar da mutum daga ɗaki sai ka rubuta a fitar da shi daga ɗaki, biro bai ƙare a Fatakwal ba. Amma yanzu ba ni da ƙarfin faɗa.

Na karanta wa Baba saƙonka. Ya ce ya ji. Ya koma cin abincina, amma bai koma ɗakinka ba, bai kuma bar gadin bututu ba. Dabararka ta kwashe gado kuwa, to yaushe? Mutumin da ba ya fita.

Ranar Laraba da rana aka kawo ruwa da ƙarfi, ga kuma ruwan sama tun safe. Ina Samaru aka zo aka ce in je gida. Ban san yadda na iso ba, takalmina ɗaya ma a rumfa na bar shi. Simintin bangon ne ya ɓalle, falle guda kamar ƙyauren ƙofa, ya faɗo daidai kan filonsa. Shi kuwa yana tsakar gida a kan kujerarsa da lema. Ka ga ikon Allah, gadin bututun da nake tsine wa shi ya fitar da shi daga ɗakin. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode wa Allah. Shi kuma ya ɗauki tsintsiya ya share, ya ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki kaɗan, ya ce shafe ne kawai, ƙasar tana nan. Ƙasar da in ka danna sai yatsanka ya nutse kamar tuwo.

Adewale ya kawo katako biyu mun tokare bangon. Ya ce mini a gefe ba zai ga ƙarshen wata damina ba in ruwan can bai tsaya ba, ko wannan ma sai an yi sa'a.

Yanzu tsorona ya zama biyu. Kullum in na tashi daga Samaru sai na biya tasha in tambayi direbobin Kudu ko an ba su takarda, ko sun ji wani abu a hanyar Anacha. Har sun san ni, suna hango ni su girgiza kai. Ni na aike ka, Yaya. Ka gaya mini hanya ba daɗi na yi kunnen uwar shegu. Baba ma ya fara tambaya, da ya ji an taɓa ƙofa sai ya ce, “Takarda ce?”

Ka bar makullin, ka bar Baba Chuks. Ka rubuto layi ɗaya kawai in san kana numfashi.

Ƙanwarka,
Liya


Fatakwal
Oktoba, 2000

Liya, ƙanwata,

Ina numfashi. Ki yafe mini. Oga bai sake ni ba sai cikin Satumba, da na dawo kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, ko kofi ba na iya ɗagawa. Yanzu na warware. Takardunki biyu tare suka iso. Da na karanta maganar filon nan sai da na fita waje na tsaya.

Na same su. Hanya lafiya lau, tsorona ne ya fi hanyar tsawo. Na yi ta yawo a kasuwar kayan gini ina tambaya cikin turancin buroka, sai na ji daga bayana an ce da Hausa, da ƙarfi, “Kai, ɗan Sati, ina ka baro ubanka?” Baba Chuks ne a kan benci a gaban shagon Nedu. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce bakinsa ya yi tsatsa, ba wanda zai yi Hausa da shi. Ya tambayi kowa na layinmu, har mai shayin bakin kwana.

Ya rame, Liya. Ciwon suga ya taso masa, ƙafa ɗaya ta kumbura, silifas ma ba ya shiga. A shagon ba ya komai sai zama, in ya sa baki a ciniki Nedu ya ce, “Papa, huta.”

A gida na faɗi abin da ya kawo ni. Mama Nedu ta ɗora hannu a ka. Ta ce da safen nan ta buɗe famfon ta tara baho don ta dafa musu abin da za su ci a hanya, ruwa bai zo ba, mota ta zo. Tun daga ranar bai sake faɗo mata a rai ba. Baba Chuks ya yi dariya har da hawaye. Da na kai ga maganar bango da kujera da lema, sai dariyar ta ɗauke.

Na roƙi makulli. Nedu ya ce a ba ni duka, mu rufe famfon, mu kuma nemo mai sayen gidan da kayan ciki, don su sun gama da Arewa. Baba Chuks ya dafe aljihunsa. Ashe makullan kullum suna jikinsa, ko wanka zai shiga da su yake shiga. Ya ce ranar da suka bar aljihunsa, ranar yaran nan za su sayar da shi. Aka yi ta musu da yarensu, ban ji ba amma na gane. Ni dai na ga Baba na biyu a zaune.

Washegari ya sa aka kai shi shago. Ya ƙi duk bawul ɗin da Nedu ya miƙo, yana ɗagawa yana cewa wannan gwangwani ne. Sai da aka tono wani daga ƙasan kwali, na tagulla, mai nauyi, mai ɗan jan sitiyarin murɗawa a kai. Ya naɗe shi da kansa ya ce, “Ka kai wa Sati. Ka ce ni na ce ya sa. Wancan karon ya ƙi, wannan karon ruwana ne ke cin bangonsa, ni ke da magana. Ka ce ina zuwa Kirsimeti.” Nedu yana tsaye a bayansa yana girgiza mini kai.

Ga shi nan na ba direba tare da takardar nan. Ban san yadda Baba zai karɓa ba. Ina tsoron ya ɗauka sallama ce. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, kuma wannan karon don Allah ki karanta duka kafin ki tashi.

Yayanki,
Luka


Sabon Gari, Zariya
Nuwamba, 2000

Yaya Luka,

Godiya ga Allah da ya tashe ka. Ranar da direba ya miƙo mini ƙunshin nan a tasha, na rungume shi ina dariya ina kuka, har mutumin ya ce ko zinariya ce a ciki. Muna lafiya. Ka riƙa shan magani har ya ƙare, na san halinka.

Na karanta duka, sau biyu ma, kafin in tashi. Sannan na karanta wa Baba, ban tsallake ko girgiza kan Nedu ba, don na gaji da yi wa tsohon nan dabara. Ya saurara ido a rufe. Da na kai wurin makullan da ake shiga wanka da su, ya ce, “Chuks ke nan.” Na miƙa masa ƙunshin.

Ya kwance, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya murɗa ya buɗe, ya murɗa ya rufe, ya hura iska a ciki. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya ce, “Ba toshiya ya aiko ba.” Na ce a'a, Baba. Ya ce, “Kira mini Adewale. Ki ce ya zo da zarto, amma ni zan riƙe.”

Da kansa ya yanka. Zarto yana zamewa, Adewale ya miƙo hannu ya taimaka ya buge hannun. Wuni guda aka yi ana aikin da ba ya cin awa ɗaya. Shi ya fitar da zaren bakin bututun, shi ya naɗa farin tef, shi ya ɗaure da babbar sufana, Adewale yana riƙe da ɗaya gefen kawai. Da ya gama ya murɗa jan sitiyarin a hankali har ya tsaya.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce a ba shi ƙaramar sufana. Ya kwance notin da ke riƙe da sitiyarin, ya cire shi, ya goge da bakin rigarsa ya miƙo mini. Ya ce, “A kai masa. Na rufe don ya ce in rufe. Buɗewa kuwa ba ni da iko, ke ma ba ki da shi. In ya zo Kirsimeti ya zo da abinsa ya buɗe ruwansa.” Na buɗe baki in ce wani abu a kan ƙafar Baba Chuks, na dubi fuskarsa na fasa. Ya ji abin da na karanta sarai.

To ga shi nan a cikin ambulan, shi ne abin da ka ji yana da tauri. Na san na ce ka bar Baba Chuks. Ka yi haƙuri, wannan ba ni na aike ka ba. Ka huta tukuna, in ka samu hutu ka kai, kuma hannu da hannu, kada ka ba Nedu.

Bangon ya fara bushewa. Adewale ya ce a bar shi ya sha iska, bayan Kirsimeti a rushe wurin da ya lalace a sa bulo. Baba ya koma zuwa sujada, kujerar ma ta koma zaure.

Shekaranjiya da safe aka kawo ruwa. Tunda ba ya rabuwa biyu, famfonmu har tsalle yake, na cika duro da bahuna da duk wata roba ta gidan kafin in tafi Samaru. Ina cikin ɗiba na leƙa ta taga, na ga Baba a tsaye a ɗakinsa ya kara kunne a bango. Ya daɗe a haka. Na ci gaba da ɗiba.

Da na dawo da yamma na tarar ya ja gadonsa da akwatinsa shi kaɗai ya kai ɗakinka. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo, da kuka, da fasto, da katako. Na ce, “Baba, yanzu da bangon ya daina shan ruwa ne za ka tashi?”

Ya ce, “Ɗakin can ya yi shiru da yawa.”

Ƙanwarka,
Liya